Humphry Davy (1778–1829): Wanda Ya Fara Fito da Ƙarfen Magnesiyam

Gabatarwa

Magnesiyam ƙarfe ne fari, maras nauyi, wanda ba a samunsa shi kaɗai a doron ƙasa. Kullum a haɗe yake da wasu sinadarai, ko dai cikin duwatsu, ko cikin ruwan teku, ko cikin koren ganye, ko kuma cikin ƙashin ɗan Adam. Mutumin da ya fara raba shi da abokan zamansa, a shekarar 1808, shi ne Humphry Davy, wani Baturen Ingila wanda bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba. Da gishirin wannan ƙarfe ake yin allurar da ake ceton mata masu jijjigar haihuwa a asibitoci, kuma da shi ne ake tace taitaniyam, wato ƙarfen da likitoci ke dasawa a ƙashi da muƙamuƙi. Davy bai san da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ya nema kawai shi ne ya san abin da ke ɓoye cikin wani farin gari.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Humphry Davy a ranar 17 ga watan Disamba, 1778, a garin Penzance da ke yankin Cornwall, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila. Yanki ne na masunta da mahaƙa, wanda ya yi suna wajen kuza da tagulla kamar yadda Jos ta yi suna da kuza a Nijeriya. Mahaifinsa, Robert Davy, masassaƙi ne mai yin ado a jikin katako. Humphry shi ne babba cikin 'ya'ya biyar. A makaranta bai yi wani fice ba, ya fi son kamun kifi da yawon bakin teku da rubuta waƙoƙi, kuma waɗannan abubuwa uku ba su rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Mahaifinsa ya rasu a 1794 ya bar bashi mai yawa, har mahaifiyarsa Grace ta buɗe shagon hulunan mata domin ta riƙe gida. A farkon 1795 aka kai shi koyon aiki wurin John Bingham Borlase, wani likita mai haɗa magunguna a garin. A nan ne ya tsara wa kansa jadawalin karatu, ya koyi Faransanci, sannan a 1797 ya karanta littafin Antoine Lavoisier kan ilimin sinadarai. A cikin wannan littafi Lavoisier ya jera abubuwan da a lokacin ba a iya rarraba su zuwa wani abu daban ba. Daga cikinsu akwai farar ƙasa da wani farin gari da ake kira magnesiya, amma ya nuna shakkarsa, yana ganin watakila ƙarafa ne da suka haɗu da iskar oksijin ta yadda wuta ba ta iya raba su. Shekara goma sha ɗaya bayan Davy ya karanta wannan zato, shi ne ya tabbatar da shi.

Zamansa a Bristol

A watan Oktoba na 1798 wani likita mai suna Thomas Beddoes ya ɗauke shi aiki a cibiyar da ya kafa a Bristol domin gwada warkar da cututtuka, musamman tarin fuka, ta hanyar shaƙar iskoki iri-iri. Davy bai cika shekara ashirin ba a lokacin. Hanyar bincikensa mai haɗari ce, domin da kansa yake fara gwada kowace iska. Wata rana ya shaƙi iska mai guba irin wadda gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki, da ƙyar ya kai waje kafin ya faɗi. Wadda ta fito da sunansa ita ce iskar da aka laƙaba wa suna iskar dariya, saboda yadda take sa mutum annashuwa. Ya lura cewa idan ya shaƙe ta ciwon haƙorin da ke damunsa yakan lafa, don haka a littafin da ya wallafa a 1800 ya ba da shawarar a gwada ta wajen aikin tiyata. Ba wanda ya kula da shawarar, shi ma bai bi ta ba, sai a 1844 wani likitan haƙori a Amurka, Horace Wells, ya yi amfani da ita. Shekaru arba'in da huɗu ke nan ana yanka mutane ido biyu alhali maganin yana rubuce a takarda. Daga baya an riƙa gauraya wannan iska da oksijin ana ba mata masu naƙuda su shaƙa don rage zafi, kuma har yanzu ana yin haka a asibitocin Ingila.

A Bristol ne kuma ya yi abota da mawaƙan nan Coleridge da Southey, waɗanda suka ɗauke shi a matsayin ɗan'uwansu a fasahar harshe. Wannan baiwa ta iya magana ta yi masa rana a aikin da ya biyo baya.

Lantarki da Ƙarafan da Ke Ɓoye

A shekarar 1800 labari ya iso Ingila cewa Alessandro Volta na Italiya ya ƙirƙiro batir, ta hanyar jera faifayen ƙarfe iri biyu da jiƙaƙƙen kwali a tsakaninsu. Kafin shekarar ta ƙare wasu masana biyu a Landan sun raba ruwa zuwa iskoki biyu da wannan na'ura. Davy ya fahimci cewa lantarkin batir daga aikin sinadaran da ke cikinsa yake fitowa, kuma ya yi tunanin cewa ƙarfin da ke ɗaure sinadarai wuri ɗaya shi kansa na lantarki ne. In haka ne, to babu wani haɗi da batir mai isasshen ƙarfi ba zai kwance ba. Wannan tunani shi ne ginshiƙin duk abin da ya yi mai daraja.

A 1801 aka kira shi Landan, zuwa Cibiyar Kimiyya ta Masarauta da ke titin Albemarle, kuma a shekarar da ta biyo aka naɗa shi farfesa. Cibiyar da kuɗin masu sauraren lacca take rayuwa, Davy kuwa ya cika mata zaure. Yakan maimaita kowane gwaji tare da mataimakansa tun daren jajibiri, ya tsara inda zai ɗaga murya da inda zai dakata, har kekunan dokin masu zuwa saurare suka riƙa toshe titin. Mata na da yawa cikin masu halarta, a zamanin da ba a karɓar mace a jami'o'in Ingila. Ɗaya daga cikinsu, Jane Marcet, ta rubuta littafin koyar da ilimin sinadarai cikin sigar hira tsakanin malama da ɗalibanta biyu, wanda aka yi ta sake bugawa shekaru da dama. Wani yaro mai koyon ɗaurin littattafai, Michael Faraday, daga wannan littafi ya fara sanin fannin.

A watan Nuwamba na 1806 Davy ya gabatar da ra'ayinsa kan lantarki a gaban Ƙungiyar Masana ta Masarauta, kuma Cibiyar Masana ta Faransa ta ba shi kyauta a kan aikin, alhali ƙasashen biyu suna tsakiyar yaƙi. A ranar 6 ga Oktoba, 1807, ya ɗora ɗan gutsuren sinadarin da ake tacewa daga toka a kan faifan filatinam, ya haɗa shi da batir. Sai ga wasu ƙananan ƙwallaye masu ƙyalli kamar zaiba suna ɓullowa, wasu suna kamawa da wuta nan take. Ɗan'uwansa Edmund, wanda ke taimaka masa, ya ba da labarin cewa Davy ya yi ta tsalle yana zagaya ɗakin don murna. Ya kira ƙarfen fotasiyam, daga kalmomin Ingilishi biyu masu ma'anar tukunya da toka, domin a tukunya ake dafa ruwan toka har ya ƙafe. Ke nan ƙarfen yana nan cikin ruwan tokar da mata ke tacewa don miya da sabulu. Bayan 'yan kwanaki ya fito da sodiyam, wanda shi ne ƙarfen da ke cikin gishiri da kanwa. Wahalar wannan aiki, tare da zazzaɓin da ake jin ya ɗauko lokacin da ya je duba kurkukun Newgate, ta kwantar da shi makonni da yawa.

Magnesiyam

Tarihin magnesiya ya girmi Davy. Ana ba da labari cewa a 1618, lokacin wani fari, wani makiyayi a garin Epsom ya ga shanunsa sun ƙi shan ruwan wata rijiya saboda ɗacinsa. Ba da jimawa ba aka gane ruwan yana wanke ciki, mutane suka riƙa zuwa daga Landan don su sha. A 1695 likita Nehemiah Grew ya bayyana yadda ya ƙafar da ruwan ya sami gishirin da aka riƙa kira gishirin Epsom. A 1755 Joseph Black na Sikotilan ya nuna cewa magnesiya daban take da farar ƙasa, ko da yake sun yi kama a ido. Abin da ya rage shi ne a ga ƙarfen kansa.

Da Davy ya murmure a 1808 sai ya fuskanci waɗannan fararen garuruwa, amma dabarar da ta yi aiki a kan toka ta ƙi aiki a nan. Garin ba ya narkewa, ɗan ƙarfen da ya fito kuwa kafin a kama shi ya sake haɗuwa da iska. Ya yi watanni yana sauya hanya. A watan Mayu wasiƙa ta zo masa daga Stockholm, inda Berzelius da abokin aikinsa Pontin suka bayyana cewa sun yi amfani da zaiba wajen kama ƙarfen farar ƙasa. Davy ya ɗauki wannan dabara ya gyara ta. Yakan jiƙa garin, ya gauraya shi da jan garin zaiba, ya ɗora a faifan filatinam da ke haɗe da bakin batir mai alamar tarawa. A tsakiyar garin yakan yi ɗan rami ya zuba ɗigon zaiba, ya tsoma wayar da ta fito daga bakin mai alamar ɗebewa. Ƙarfen da lantarki ya saki sai ya narke cikin zaibar, inda iska ba ta isa gare shi. Daga nan sai a dafa zaibar cikin rufaffen bututu ta tashi ta bar ƙarfen. A ƙarshen watan Yuni na 1808 ya sanar da ƙarafa huɗu a maƙala ɗaya: kalsiyam da bariyam da sitironshiyam da kuma na magnesiya. Abin da ya samu na magnesiya ɗan kaɗan ne, kuma bai rabu da zaiba sarai ba. Sai a wajen 1830 Antoine Bussy na Faransa ya sami curin da za a iya riƙewa a auna.

Sunan ƙarfen ma yana da nasa tarihin, wanda ɗalibin harshe zai so ya sani. Magnesiya sunan wani yanki ne a ƙasar Girka, akwai kuma tsofaffin birane masu wannan suna a inda Turkiyya take a yau. Mutanen da sun danganta duwatsu daban-daban da wannan suna. Daga cikinsu akwai baƙin dutse mai jawo ƙarfe, wanda sunansa ya bi ta Larabci ya shigo Hausa a matsayin maganaɗisu. Ashe kalmar maganaɗisu da kalmar magnesiyam daga tushe ɗaya suke, ɗaya ta biyo ayarin Sahara, ɗaya ta biyo littattafan boko. Davy da farko ya guji sunan magnesiyam domin wasu sun riga sun yi amfani da shi ga ƙarfen manganis, sai ya zaɓi magniyam. Jama'a ba su bi shi ba, kuma a 1812 shi ma ya haƙura ya koma ga sunan da ake amfani da shi yanzu.

Abin da Ƙarfen Ya Zama ga Lafiyar Mata

Jikin baligi yana ɗauke da kimanin giram 25 na magnesiyam, fiye da rabinsa a cikin ƙashi, saura a tsoka da sauran sassa. Ana samunsa daga hatsi irin gero da dawa idan ba a cire dusarsu duka ba, da wake da gyaɗa da riɗi da koren ganye. Amma inda ya fi taka rawa a lafiyar mata shi ne cutar jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune. Cuta ce da ke biyo bayan hawan jini na masu juna biyu. Alamominta sun haɗa da matsanancin ciwon kai, da ganin duhu-duhu, da kumburin fuska da hannuwa, sannan sai mace ta faɗi tana jijjiga, kafin haihuwa ko lokacin naƙuda ko bayan ta sauka. A wurare da yawa akan danganta wannan da iskoki, a tsaya hayaƙi da tofi har lokaci ya ƙure.

A 1906 wani likita a Jamus ya gwada gishirin Epsom a kan masu wannan cuta. A 1925 Edmond Lazard na birnin Los Angeles ya ba da rahoton yi musu allurarsa ta jijiya, sannan a 1955 Jack Pritchard na birnin Dallas ya fito da tsarin da ya yaɗu: giram 4 ta jijiya da giram 10 ta tsoka a karon farko, daga nan giram 5 duk bayan awa huɗu. Abin mamaki, likitocin Ingila, ƙasar Epsom da Davy, sun daɗe ba su yarda da shi ba, sun fi son magungunan farfaɗiya da na kwantar da jiki. Gardamar ta ɗauki shekaru saba'in. A 1995 aka wallafa sakamakon gwajin da aka yi a kan mata kusan 1,700 masu jijjiga, mafi yawansu a Afirka da Indiya da Kudancin Amurka, wanda ya nuna cewa gishirin magnesiyam ya fi waɗancan magunguna hana jijjigar dawowa nesa ba kusa ba. A 2002 wani gwajin da ya ƙunshi mata 10,141 a ƙasashe 33 ya nuna cewa idan aka ba mace maganin tun tana matakin hawan jini, haɗarin faɗawa jijjiga yana raguwa da fiye da rabi.

Arewacin Nijeriya ya shiga wannan tarihi. A 2008 aka shigar da maganin asibitoci goma na Jihar Kano tare da horar da ma'aikata, kuma yawan masu mutuwa cikin matan da aka kawo da wannan cuta ya sauko daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 3. A 2009 likitocin asibitin koyarwa na Sakkwato suka wallafa wani gajeren tsari na ba da allurar farko kaɗai, domin wuraren da ma'aikata da magani suka yi ƙaranci. Sai dai maganin ba na wasa ba ne. Idan ya yi yawa a jini yana tsayar da numfashi, shi ya sa ake duba numfashin mace da yawan fitsarinta da motsin gwiwarta kafin a ƙara mata. Makarinsa kuwa allurar gishirin kalsiyam ce, wato ƙarfen da Davy ya sanar a maƙala ɗaya da magnesiyam.

Ɗaukaka, Faraday da Fitilar Mahaƙa

A 1810 Davy ya tabbatar da cewa koriyar iskar da ake zaton tana ƙunshe da oksijin sinadari ce mai zaman kanta, ya sa mata suna kulorin daga kalmar Girkanci mai nufin kore-kore. Ita ce ake tsabtace ruwan famfo da ita. A watan Afrilu na 1812 aka ba shi sarautar Sir, bayan kwana uku ya auri Jane Apreece, wata bazawara mai dukiya. Auren bai yi daɗi ba, kuma ba su haihu ba. A ƙarshen shekarar wani sinadari ya fashe ya ji masa rauni a ido, abin da ya sa ya nemi mai rubuta masa. Sai ya tuna da Faraday, wanda ya halarci laccocinsa huɗu, ya rubuta su tsaf, ya ɗaure su littafi ya aiko masa. A watan Maris na 1813 Faraday ya zama mataimaki a ɗakin gwaji. Daga Oktoba na wannan shekara zuwa 1815 ya raka Davy da matarsa zagayen Turai, inda suka yi aiki kan aidin a Faris, suka ƙona lu'ulu'u a Florence don nuna cewa asalinsa ɗaya da gawayi. A wannan tafiya uwargidan ta ɗauki Faraday tamkar bara, mijin kuma bai hana ba.

A ranar 25 ga Mayu, 1812, iska ta fashe a mahaƙar kwal ta Felling da ke arewacin Ingila, ta kashe mutum 92, cikinsu har da yara ƙanana. Mahaƙa da kyandir suke shiga rami, ramin kuwa yana fitar da iska mai kama wuta. A 1815 aka roƙi Davy ya nemo mafita. Cikin 'yan watanni ya gano cewa harshen wuta ba ya ratsa ƙananan kafofi na ƙarfe, domin ƙarfen yana shanye zafin. Sai ya kewaye lagwanin fitila da ragar waya mai kafa 784 a kowane inci murabba'i. An gwada ta a ramin Hebburn a watan Janairu na 1816, ta yi aiki. Ya ƙi yin rajistar mallakarta don kada tsada ta hana ta yaɗuwa, kuma wannan abin yabo ne. Abin da ba na yabo ba shi ne yadda ya ɗauki George Stephenson, wani makanikin mahaƙa da bai yi makaranta ba, wanda ya ƙera tasa fitilar a daidai wannan lokaci. Davy ya kasa yarda cewa mutum irin wannan zai iya kai wa ga abin da ya kai, ya bari magoya bayansa suka zarge shi da sata. Ya manta cewa shi ma ɗan masassaƙi ne. Fitilar kuma ba ta rage mace-mace yadda aka yi fata ba, domin masu mahaƙu sun sami damar tura ma'aikata cikin ramuka masu zurfi da a da ba a iya shiga.

A 1820 aka zaɓe shi shugaban Ƙungiyar Masana ta Masarauta. A wannan kujera ne halinsa ya fi bayyana. Da Faraday ya gano a 1821 yadda lantarki ke juya waya a kewayen maganaɗisu, wanda shi ne asalin injin lantarki, sai aka yi ta raɗe-raɗin cewa ya ɗauki tunanin wani, Davy kuma bai kare almajirinsa ba. Da aka gabatar da sunan Faraday don zama ɗan ƙungiyar, Davy ya nemi a janye shi. An zaɓe shi duk da haka a watan Janairu na 1824, da ƙuri'a ɗaya tak ta ƙin amincewa.

Tagullar Jiragen Ruwa da Fatar Ƙarfe

Aikinsa na ƙarshe mai girma ya shafi kare fuskar ƙarfe. Jiragen yaƙin Ingila na katako ne, ana lulluɓe gindinsu da fallayen tagulla, ruwan teku kuwa yana cinye tagullar. A 1824 Davy ya nuna cewa idan aka manna ɗan guntun tutiya ko baƙin ƙarfe a jikin tagulla, wata 'yar lantarki za ta gudana tsakaninsu, guntun ya lalace tagullar ta tsira. A ɗakin gwaji komai ya tafi daidai. A teku ma tagullar ta daina cinyewa, amma sai ciyayi da ƙananan halittu masu ɓawo suka lulluɓe gindin jiragen har gudunsu ya ragu. Ashe gubar da tagulla ke saki yayin da take cinyewa ita ce ke korar su. A 1825 hukumar sojan ruwa ta ba da umarnin a cire guntayen, jaridu suka yi masa ba'a, abin ya ci masa rai ƙwarai. Dabarar kanta daidai take, kuma da ita ake kare jiragen ƙarfe da bututun mai da tankunan ruwan zafi a yau. Cikin ƙarafan da ake sadaukarwa domin wannan aiki har da magnesiyam.

Akwai ƙarfen da ba ya buƙatar irin wannan kariya, kuma a yankin su Davy aka fara gano shi. A 1791, Davy na ɗan shekara goma sha biyu, wani limamin coci a Cornwall mai suna William Gregor ya sami alamar sabon ƙarfe cikin baƙin yashin wani rafi a Manaccan. A 1795 Martin Klaproth na Jamus ya sa masa suna taitaniyam. Tace shi ya gagari masana'antu fiye da ƙarni guda, sai da William Kroll na Luxembourg ya fito da hanyar da ya yi wa rajista a 1940: a haɗa ma'adinin da kulorin, sannan a sa narkakken magnesiyam ya ƙwace kulorin ya bar taitaniyam. Sinadaran biyu duk sun bi ta hannun Davy. Da zarar taitaniyam ya haɗu da iska sai ya yi wa kansa wata fata siririya ta oksijin wadda ke hana shi tsatsa. A 1952 Per-Ingvar Brånemark na Suwidin ya lura cewa ƙashin zomo ya manne da wani ɗan bututun taitaniyam har ya ƙi fita, kuma a 1965 ya dasa wa mutum na farko turakun haƙori na wannan ƙarfe. Tun daga lokacin bincike ya karkata ga gyaran fatar: a fesa mata yashi, a wanke ta da asid don ta yi kaushi, ko a tsoma ƙarfen cikin ruwan sinadari a sa masa lantarki don fatar ta yi kauri. Wasu masu bincike suna cusa magnesiyam ko kalsiyam cikin fatar domin ƙashi ya kama da wuri, abin da ke da muhimmanci ga masu raunin ƙashi, waɗanda mafi yawansu mata ne da suka daina al'ada. Ƙa'idojin wannan aiki na lantarki Faraday ne ya tsara su a 1833 da 1834, a ɗakin gwajin da ya gada daga maigidansa.

Rasuwarsa

A ƙarshen 1826 Davy ya sami shanyewar ɓarin jiki. Ya ajiye shugabancin ƙungiya a 1827, ya koma yawon neman lafiya a Italiya da tsaunukan Ostiriya, yana kamun kifi yana rubutu. Ya wallafa littafi kan kamun kifi a 1828, ya kuma shifta wani na tunani kan rayuwa da addini wanda ya fito bayan mutuwarsa. A watan Fabrairu na 1829 ciwon ya sake buge shi a birnin Rum. Matarsa da ƙanensa John, wanda likitan soja ne, suka zo suka ɗauke shi da nufin komawa gida, amma bai wuce Janeba ba. A can ya rasu ranar 29 ga Mayu, 1829, yana da shekara 50, aka binne shi a maƙabartar Plainpalais.

Ya bar wasiyya cewa kwanukan azurfar da masu mahaƙun kwal suka ba shi saboda fitila, idan magada suka ƙare, a narkar da su a kafa lambar yabo ta ilimin sinadarai. An fara ba da lambar Davy a 1877, ga Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen na Jamus, saboda hanyar da suka ƙirƙiro ta gane sinadarai daga launin haskensu. Bunsen ɗin nan shi ne a 1852 ya fito da magnesiyam mai yawa ta hanyar ratsa narkakken gishirinsa da lantarki, ba tare da zaiba ba.